Sabon Famfo, Tsohon Kuka: Rigimar Sitiyari a Garejojin Dutse

Akwai wata rigima da kusan kowane gareji a Dutse ya saba da ita. Sitiyarin mota ya yi tauri, in an murɗa shi sai ya kama kuka. Makanike ya ɗaga bonet, ya kasa kunne, ya ce famfo ne ya mutu. Mai mota ya tura kuɗi Kano, aka sayo famfo a kasuwar Ƙofar Ruwa, aka ba direban motar haya saƙo, ya biyo da shi ta Wudil ya sauke a tasha kafin la'asar. Aka ɗaura, aka zuba mai, aka tayar da inji. Kukan yana nan daram, wani lokacin ma ya fi na da. Daga nan sai waya ta ɗauki zafi. Makanike ya ce mataccen famfo aka turo. Mai kaya ya ce lafiya lau ya bar shagonsa, yaran gareji ne suka ƙona shi. Mai mota kuwa yana tsaye a rana yana lissafin abin da ya kashe, ga motarsa a kan jak.

Kowane ɗaya daga cikin mutum ukun nan zai iya dafa Alƙur'ani bisa abin da ya faɗa, domin babu wanda ya auna komai a cikinsu. Da kunne aka yanke wa tsohon famfo hukunci, da kunne kuma ake tuhumar sabon. Sau da yawa sabon famfon ba shi da laifi, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar shi ma tsohon da aka jefar a bayan gareji da sauran ransa. Abin da ke cinye kuɗin jama'a shi ne al'adar "a canza" kafin a bincika, kuma masu motoci suna da kaso babba wajen raya wannan al'ada, ko da yake su ne suka fi kowa kokawa da ita.

Maganar ta shafi mutane da yawa, saboda irin motocin da ke kan titunan wannan yanki. Golf 3 da ke jigilar fasinja tsakanin Dutse da Kiyawa, Jahun, Birnin Kudu da Gwaram sa'ar jihar ce kanta: a 1991 aka fara ƙera ta, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano. Ga Sharon mai ɗaukar kaya har saman rufi, ga Peugeot 406, ga Camry da Honda Accord na farkon shekarun 2000 da ma'aikata ke tafiya Kano da su ran Juma'a su dawo safiyar Litinin. Kusan duk waɗannan da mai sitiyarinsu ke aiki. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024, wanda ke da tsohuwar mota ya rungume abarsa, ya daina mafarkin sauyawa. Motar da ta shekara ashirin zuwa talatin kuwa, robobinta sun bushe, tiyonta ya ruɓe daga ciki, komai kyawun fentinta.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Bel ne ke juya famfo daga inji. A cikin famfon akwai wani dunƙulen ƙarfe mai tsaga-tsaga, da 'yan siraran ƙarafa da ke shiga suna fita a cikin tsagogin, suna zuƙo mai daga kofi suna tura shi da ƙarfi ta cikin tiyo zuwa rak, wato sandar da ke juya tayoyin gaba. Da direba ya murɗa sitiyari, sai wani bawul a jikin rak ɗin ya karkatar da man zuwa dama ko hagu, man ya tura, hannun direba ya huta. Daga nan man ya koma kofi ta wani tiyon, ya sake zagayowa. A ma'aunin da mai faci ke auna iska da shi, tayar ƙaramar mota tana ɗaukar 30 zuwa 35. Famfon sitiyari yana kaiwa 1,000 zuwa 1,500. Man da ke wannan zagaye kuma wajen lita ɗaya ne kawai.

Ke nan famfo zango ɗaya ne kawai a hanyar da mai ke bi, kuma duk abin da ya kashe tsohon yana nan a cikin hanyar yana jiran sabon. Famfon da ya daɗe yana aiki da ƙarancin mai yakan ci kansa, ya zubar da garin ƙarfe. Tiyon da ya tsufa yakan saki ɓarɓashin roba. Wannan datti ba ya fita don an kwance famfo. Yana kwance a cikin rak, da tiyo, da 'yar rariyar da ke ƙasan kofin mai. Ana tayar da inji sai ya kwararo cikin sabon famfo. A bakin famfon akwai wani ƙaramin bawul mai sifirin da ke daidaita yawan man da ke fita. Ƙwayar datti guda in ta maƙale shi a buɗe, man zai riƙa juyawa a cikin famfon ba tare da ya isa rak da ƙarfi ba, sitiyari ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Maganin wannan shi ne a wanke hanyar gaba ɗaya: a zare tiyon dawowa a zura shi a gora, a toshe bakinsa na jikin kofi, a riƙa zuba sabon mai ana juya sitiyari har sai abin da ke fita ya zama tas. A cire kofin a wanke rariyarsa, in ta toshe ƙwarai a sayi wani. Aikin yana cin lita biyu zuwa uku na mai, kuma a nan ne ake jin mai mota yana cewa, "Haba Oga, a tace tsohon a mayar mana, ai bai daɗe ba." Makanike ya ce, "To Alhaji," ya mayar. Mutumin da ya biya kuɗin famfo bai yi gardama ba, sai ga shi yana tsumulmular kuɗin man da zai kare famfon.

Yanayin garin ma yana ƙara nasa. A watannin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, mazurarin da ake zuba mai da shi kuwa sau da yawa yankakkiyar gorar ruwa ce da ta kwana a ƙasa. Murfin kofi in ya ɓata, leda da robar ɗauri ake sa wa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, man yakan tsinke ya ƙone da wuri, ya koma baƙi mai ƙauri.

Sai kuma batun wane mai. A nan ne aka fi yin ɓarna cikin rashin sani, domin a bakin mutane da yawa man sitiyari guda ɗaya ne, ja. Toyota na wancan zamani jan man giya na ATF take so, nau'in Dexron, kuma an rubuta haka a kan murfin kofin ga duk wanda ya goge ƙurar ya karanta. Honda tana da nata man na musamman, littafin motar ma ya yi gargaɗin kada a zuba wani. Volkswagen, wato su Golf da Sharon, kore ne man da kamfanin ya tsara musu, mai lamba G 002 000 ko magajinsa G 004 000. Kowanne an haɗa shi ne daidai da irin robar da ke cikin tsarin da kuma kaurin da famfon ke buƙata. Zuba ja a inda ake son kore ba ya kashe mota nan take, shi ya sa ake cewa "ai muna yi, ba abin da ya faru." Abin yana faruwa, a hankali ne, bayan watanni, lokacin da ba wanda zai tuna da wane mai aka zuba. Mafi muni shi ne man birki, wanda ke kumbura robobi ya lalata su cikin ɗan lokaci, da kuma baƙin mai da wasu direbobin haya ke ɗurawa wai don kaurinsa ya rage yoyo. Shi kuwa man awo da ake sayarwa a gorar lemo a bakin titi, ko mai sayar da shi bai isa ya rantse a kan abin da ke ciki ba.

Amma in sabon famfo ya kama kuka tun daga minti na farko, iska ce abar zargi ta farko. Duk manomin rani da ke fadamun Jigawa ya san wannan a injin ban ruwansa: muddin tiyon zuƙa yana shan iska, ko injin sabo ne fil, sai dai ya yi ta ihu ruwa na fita da ƙyar. Haka famfon sitiyari yake. Alamar kuma a fili take: a buɗe murfin kofi inji na aiki, in man ya yi kumfa ko launinsa ya koɗe ya yi fari-fari, to akwai iska a ciki. Fitar da ita aikin haƙuri ne. A ɗaga gaban motar tayoyi su bar ƙasa, a cika kofi, inji a kashe, a riƙa juya sitiyari a hankali daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu, sau ashirin ko fiye, ana ƙara mai duk lokacin da ya sauka, har kumfa ta daina tasowa. Sai bayan nan a tayar da inji na ɗan lokaci, a kashe, a duba, a maimaita. Abin da aka fi yi a gareji shi ne akasin haka: yaro ya zuba mai, wani ya tayar, ya taka totur, ya murɗe sitiyari har ƙarshe ya danne. Famfon da ya juya a bushe na 'yan daƙiƙoƙi ya riga ya samu tabon da ba zai warke ba. Danne sitiyari a ƙarshe fiye da daƙiƙa biyar kuwa yana dafa man, ko a lafiyayyar mota.

In an fitar da iska ta dawo washegari, to akwai ƙofar da take shiga. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ƙofar ba ta ɗigar da mai. Ɓangaren zuƙa ne, don haka iska ke shiga, babu abin da ke fita, ƙasan mota a bushe. Tiyon da ya taurare, ko maɗaurin da ya saki, ko ɗan zoben roba da ke bakin famfo, kowanne ya isa. Masu Honda Accord mai silinda shida ta 2003 zuwa 2007 sun fi kowa sanin wannan zoben. Kamfanin da kansa ya fitar da sanarwa ga garejojinsa a Amurka cewa kukan da motar ke yi da sanyin safiya daga zoben ne, a canza shi kawai. Abu ne da bai kai girman zoben yatsa ba, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma famfo nawa aka tuɓe a ƙasar nan saboda shi?

Hannun mai ɗaurawa ma yana da tasiri. Famfo da yawa suna zuwa babu fuli, wato faifan da bel ke juyawa, sai an ciro na tsohon an sa. Da matsi ake shigar da shi, amma guduma ta fi kusa da hannu, kuma dukan yana wucewa ne kai tsaye zuwa cikin famfon. Fuli in bai yi layi da sauran ba, bel zai riƙa ƙara yana cinyewa ta gefe. Bel in ya yi sako-sako zai zame daidai lokacin da ake buƙatar ƙarfi, in ya yi tsauri ya kashe boris. Akwai kuma famfon da ya zauna daram a mazauninsa amma ba na motar ba ne: na mai silinda huɗu a jikin mai shida, ko na samfurin Turai a jikin na Amurka, notuna sun hau amma ƙarfin turawa ya bambanta.

Wani lokacin kuma tun farko maganar ba ta famfo ba ce. Tayar gaba da ba ta da isasshiyar iska tana sa sitiyari nauyi. Boljoyin da ya bushe yana yi. Haɗin da ke ƙasan sandar sitiyari yakan yi tsatsa bayan mota ta sha ratsa ruwa, kuma wanda ya tuƙa a Jigawa a daminar 2022, lokacin da ambaliya ta yanke hanyoyi da dama, ya san irin ruwan da motoci suka shiga. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi tauri a wani wuri ya saki a wani. Robar da ke rufe bakin rak in ta yage, yashi ya shiga, robobin ciki suka mutu, mai zai riƙa tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, ko famfo goma aka canza ba za a ji sauƙi ba. Gwajin farko kyauta ne: a ɗaga gaban mota, inji a kashe, a juya. In akwai cijewa, ƙarfe ne ke cije ƙarfe, babu ruwan famfo.

Gwajin da ke raba gardama gaba ɗaya shi ne na agogon awo. Ana haɗa shi tsakanin famfo da tiyon da ke zuwa rak, yana da ɗan makunni. A rufe makunnin na daƙiƙa biyar inji na aiki: in allura ta kai adadin da littafin motar ya faɗa, famfo lafiyarsa ƙalau. A buɗe, a juya sitiyari zuwa ƙarshe: in allura ta gaza wancan adadi, rak ne ke yoyo a ciki. Duk aikin ba ya cin rabin awa. Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1926 wani injiniya Ba'amurke, Francis Davis, ya ɗaura irin wannan sitiyari a mota, Chrysler ta fara sayar da shi ga jama'a a 1951. Hanyar gwada shi ta girmi yawancin masu garejin da ke Dutse a yau. Duk da haka, sai mutum ya zagaya gareji da yawa bai ga wannan agogo ba.

Dalilin bai rasa nasaba da yadda ake biyan makanike. A al'adarmu kuɗin aiki na abin da ido ya gani ne: an kwance, an ɗaura, hannu ya yi baƙi. Makaniken da ya ɓata awa guda yana bincike, ya gano zoben roba ne, ya canza, in ya nemi kuɗi mai kauri sai a ce, "Don wannan ɗan abin?" Wanda ya ce famfo ne kuwa zai karɓi kuɗin kwancewa da ɗaurawa, wataƙila da ɗan ihsani daga mai shago, tsohon famfon ma ya zama nasa. Tsarin yana hukunta mai tunani, yana saka wa mai gaggawa. Da wane dalili mutum zai sayi na'urar da za ta rage masa ciniki? Sai ranar da masu motoci suka yarda bincike aiki ne mai kuɗinsa daban, a biya ko da ba a canza komai ba, sannan za a ga agogon awo a rataye a gareji. Ƙungiyar makanikai ta NATA, wadda ke da rassa a jihohi, ita ta fi dacewa ta tsayar da wannan farashi, domin makanike ɗaya ba zai iya farawa shi kaɗai ba, abokin cinikinsa zai tsallaka gareji na gaba. Reshe guda kuma zai iya sayen agogo ɗaya ko biyu na haɗin gwiwa, a riƙa aro ana biyan wani abu kaɗan. Cibiyoyin koyar da sana'a na jiha da kwalejin fasaha da ke Dutse za su fi amfanar masu gareji da horon kwana biyu kan irin waɗannan gwaje-gwaje, fiye da bikin raba akwatin sifana.

Wannan ba wanke masu sayar da kaya ba ne. Famfo ɗan Beljiyam shi ma tsoho ne, an ciro shi ne daga motar da ta gama rayuwarta a Turai ko Amurka, ya sha ƙurar shago bakinsa a buɗe, an wanke bayansa da fetur ya yi ƙyalli. Juya fuli da hannu a ji yana tafiya sumul ba ya nuna ƙarfin da zai bayar. Na cikin kwali kuma akwai na gaske, akwai wanda kwalin ne kawai na gaske, kuma hukumar kula da ingancin kaya ta SON ba za ta iya buɗe kowane kwali da ke tasowa daga kasuwannin Ladipo ko Nnewi ba. Mataccen famfo yana zuwa, ba ƙarya ba ne. Amma garantin baki na kwana uku da mai shago ke bayarwa ba ya amfanar mutumin Dutse da kayansa ke kwana ɗaya a hanyar zuwa, ɗaya a hanyar komawa. Rasit mai lambar famfo da sunan mota, da alamar fenti a jikin famfon, da sharaɗi a rubuce cewa za a karɓa in awo ya nuna bai kai ba, zai kare mai shago na kirki kamar yadda zai kare mai saye. Mai shagon ma yana da haƙƙin ya tambaya ko an wanke hanya an sa man da ya dace kafin ya karɓi kayan da aka dawo masa da shi.

Akwai kuma abin da ya wuce aljihu. Direban hayan da ya gaji da kashe kuɗi yakan cire bel ɗin famfo ya ce ya mayar da ita "manuwal." Rak ɗin da aka ƙera don mai ya taimaka masa ya fi na asalin manuwal nauyi nesa ba kusa ba. A kan miƙaƙƙiyar hanya ba a ji. Ana ji ne a cunkoson ranar kasuwar Shuwarin, mota cike da fasinja, ɗan acaɓa ya faɗo gaba, ana buƙatar kaucewa cikin ƙiftawar ido. Yoyon mai ma ba abin rainawa ba ne, domin man sitiyari yana kama wuta in ya zuba a kan salansa mai zafi. A 2012 Honda ta kira motocin Accord masu silinda shida na 2003 zuwa 2007 sama da 570,000 a Amurka don a canza musu tiyon sitiyari saboda wannan haɗari, kuma irinsu ne aka yi ta shigowa da su nan a matsayin tokumbo. A motocin da bel ɗaya ke juya komai, famfo in ya cije ya tsinka bel, caji ma ya tafi, a tsakiyar daji tsakanin Kwanar Huguma da Dutse. Jami'an kiyaye haɗurra da na VIO suna duba takardu da taya da tukunyar kashe gobara. Da wuya a ga wanda ya leƙa ya ga ko famfo na da bel.

Da yawa daga motocin da ke shigowa yanzu kuma ba su da famfon kwata-kwata. Corolla samfurin Amurka ta koma sitiyarin lantarki daga 2009, Camry daga 2012, Accord daga 2013. Babu mai, babu tiyo, babu kukan da za a kasa wa kunne. Ƙaramin moto ne da na'ura mai ƙwaƙwalwa. In sitiyarinsu ya yi nauyi, abin da ake fara dubawa shi ne ƙarfin batir da caji, sannan a jona kwamfuta a karanta lambar matsalar. Raunin batir kaɗai ya isa ya kunna fitilar gargaɗi ya ɗauke taimakon sitiyarin. Garejin da ya saba da "a canza" zai tura Kano a sayo sandar sitiyari sukutum da motonta, wadda kuɗinta ya ninka na famfo, alhali kan batir ne ya yi tsatsa.